"A Haɗa Min Na Ciwon Baya": Mu da Masu Shagon Magani a Sabo

Duk wanda ya zauna ya ƙidaya sana'o'in da muke ci da su a nan Sabo da kewayenta zai tarar yawancinsu a kan gadon baya suke tsaye. Ɗan dako a Bodija yana sauke buhun wake daga tirela tun kafin gari ya waye. Na Sasa da Akinyele suna fama da kwandunan tumatir da buhunan albasa. Ɗan ga-ruwa yana tura kura mai jarka 10, kowace jarka lita 25, wato ruwa kaɗai kilo 250 ke nan, a kan hawa da gangaren Ibadan. Ɗan acaba yana wuni yana shan girgizar ramuka. Direban babbar mota yana kwana ya wuni a zaune tsakanin Kano da nan. Har waɗanda ake ganin suna cikin inuwa ba su tsira ba: ɗan canji a kan benci, tela a kan keke, mai aikin babbar riga a duƙe kan allura. Mata kuwa ga wanki, ga tuƙin tuwon sayarwa, ga goyo. Tun da aka kafa unguwar nan a 1916, a kan fataucin goro da shanu, baya ne jarin baƙo. In ya tsaya, abinci ya tsaya a nan, saƙon da ake aikawa gida ma ya tsaya.

Shi ya sa in ƙugu ya riƙe, ba kowa ke tunanin asibiti ba. Asibiti yana nufin yankar kati, da layi, da wuni guda ba a samu ko sisi ba, ga kuma Turanci ko Yarbanci da ba kowa ya iya zayyana ciwonsa da su ba. Shagon magani kuwa yana nan bakin layi, yana buɗe har bayan Isha'i, mai shi ya san ka, wani lokaci ma ya ba ka bashi. Sai mutum ya leƙa ya ce, "Dakta, a haɗa min na ciwon baya, na ɗari biyar." A ɓare wannan, a ɓare wancan, a ƙulla a 'yar leda. Maƙwabtanmu Yarbawa suna ce wa irin wannan haɗi akapo. Kusan babu gidan da ba a san shi ba.

Saboda haka mai shagon magani shi ne ma'aikacin lafiya na farko da bayanmu ke gamuwa da shi, sau da yawa kuma shi ne na ƙarshe. Abin da ya faɗa ko ya yi shiru a kai a cikin minti biyar ɗin nan yana da nauyi fiye da yadda ake ɗauka.

Da farko dai akwai bambancin da ya kamata kowa ya riƙe, domin a bakinmu duk "kemis" ne, duk mai shago kuma "Dakta" ne. A doka iri biyu ne. Akwai famasi, wanda dole ne ya kasance ƙarƙashin kulawar masanin haɗa magunguna. Shi wannan ya yi shekara 5 ko 6 a jami'a yana karatun magani kaɗai, ya ƙara shekara guda ta horo, sannan aka yi masa rajista. Sau da yawa za ka ga koriyar alama mai haruffan Rx a ƙofar irin wannan shago. Akwai kuma ƙaramin kemis, wanda lasisinsa ya tsaya kan magungunan da ba sa buƙatar takardar likita, a cikin kwalinsu na asali. Ba a ba shi izinin yin allura ba, ba a ba shi izinin sayar da masu ƙarfi irin su tiramol ba. Hukumar PCN ce ke ba dukansu lasisi, an kuma sabunta dokarta a 2022. Masu ƙananan kemis ba abokan gaba ba ne. Da yawansu 'yan'uwanmu ne, sun sha taimakonmu da tsakar dare. Amma kowa da iyakarsa, kuma mai saye ya cancanci ya san gaban wa yake tsaye.

Mu a gidanmu mun ga amfanin wannan bambanci a kan kawunmu. Ya fi shekara ashirin yana dako a Bodija, mutum ne da ba ya son a ce ya gaza. Da bayansa ya fara damunsa sai ya zama kullum da ƙullin haɗi biyu, ɗaya da asuba kafin ya fita, ɗaya da dare. Ya shafe watanni a haka. Daga baya ya fara kukan zafin ciki, yana cewa yaji ne na abincin kasuwa. Wata ranar Talata shagon da ya saba zuwa yana rufe, sai muka raka shi wani famasi ta wajen Mokola. Mai kula da wurin Bayarbiya ce, ta yi hidimar ƙasa a Sakkwato, tana jin Hausa daidai gwargwado. Kawu ya zaro ragowar ƙullinsa ya ajiye a kan kanta.

"Likita, irin wannan za ki ba ni, na kwana uku."

"Baba, ni ba likita ba ce, magani na karanta. Zauna tukuna. Tun yaushe kake shan wannan?"

Ta kwance ledar ta baza ƙwayoyin a kan takarda. Guda biyar ne. Biyu daga ciki, in ji ta, duk diklofenak ne, kamfani ne kawai ya bambanta su. Na uku firoksikam, ɗan gidansu ɗaya. Na huɗu ɗan ƙarami ta ce ya yi kama da deksa. Na biyar babu rubutu ko alama a jikinsa, ta ce ba za ta yi masa suna da ka ba. Sannan ta fara tambaya. Ciwon yana sauka ƙafa? Yana tashe shi daga barci? Fitsari fa, lafiya? Ya taɓa faɗuwa da kaya? Ta ɗaura masa abin awon jini, ya nuna sama. Daga nan ta sassauta murya ta ce, "Baba, ka yi haƙuri da tambayar nan. Bayan gidanka ya canza launi?" Kawu ya yi shiru, ya dubi ƙasa, can ya ce kwana uku ke nan baƙi ƙirin yake fita, kamar kwalta.

Ta ce, "To Baba, yau ba zan sayar maka da komai ba. Wannan alama ce ta jini yana zuba a cikinka. Asibiti za ka je, yanzu, ba gobe ba." Ta rubuta sunayen magungunan da ta gane a takarda ta ce a miƙa wa likita. Kawu ya fito yana faɗa, wai ya zo da kuɗinsa an hana shi magani, ina aka taɓa yin haka? Amma ya je. Gyambon ciki ne, ya fara zubar da jini. Ya yi kwanaki a kwance, aka sallame shi da gargaɗin kada ya ƙara kusantar wannan dangin magani.

Abin da matar nan ta yi ba wani abin al'ajabi ba ne. Aikinta ke nan, kuma kashi uku ne: ta tantance ko wannan ciwon na shago ne ko na asibiti, ta duba ko maganin ya dace da jikin wannan mutum, ta kuma gaya masa abin da zai yi wanda ba a sayarwa a kwali.

Mu ɗauki na farko. Ciwon ƙasan baya ba namu ba ne mu kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da shi, ana kuma hasashen za su kai miliyan 843 a 2050. Babu wata lalura da ta kai shi hana mutane aiki a duniya. Amma kusan 9 cikin 10 na masu shi, ba a samun wata takamaimiyar cuta a bayansu. Nama ne da jijiyoyi da gaɓoɓin da ke kewaye da ƙasusuwa 5 na ƙugu suka gaji ko suka murɗe. Irin wannan yakan yi sauƙi sosai cikin mako 6, ko da yake yana iya dawowa. Shi ne wanda masanin magani zai iya taimaka maka da shi daga shago, ba sai an ɗauki hoton ƙashi ba. Hasali ma mutane da yawa da ba sa jin ciwon komai, in aka yi musu hoto sai a ga 'yan sauye-sauye a bayansu, don haka hoton ba kullum yake nuna tushen ciwo ba.

Ragowar kaɗan ɗin nan su ne abin tsoro, kuma su ne dalilin tambayoyin da ke gundurar mu. Akwai alamomin da in an ji su ba a tsayawa ciniki. Mutum ya kasa yin fitsari, ko fitsari da bayan gida su riƙa zubo masa bai sani ba. Ya ji tsakanin cinyoyinsa da mazauninsa sun mutu, kamar ba nasa ba. Ƙafafu su yi sanyi su fara kasa ɗaukarsa. Waɗannan suna nuna an danne jijiyoyin da ke ƙarshen laka, kuma sa'o'i ake ƙirgawa, ba kwanaki ba; jinkiri na iya barin mutum da nakasa har abada. Sai ciwon da ya biyo bayan faɗuwa daga mota ko haɗarin babur. Sai wanda ke tare da zazzaɓi, rama, da zufar dare. Sai na gefe guda mai tare da zafin fitsari ko jini a ciki, wanda kan zama na ƙoda. Sai dattijon da ciwon ke ƙaruwa da dare, ba ya lafawa ko ya kwanta, musamman in fitsari na yi masa wuya ko an taɓa samunsa da ciwon daji. Mai sikila da mai juna biyu su ma ba a yi musu kuɗin goro. Duk mai shagon da ya ji ɗaya daga cikin waɗannan ya ci gaba da ɓare ƙwaya, ya ci amanar mai ciwo.

Na biyu shi ne maganin kansa. Diklofenak, ibufurofen da firoksikam dangi ɗaya ne, suna rage zafi da kumburi, kuma su ne aka fi samun shaidar suna taimakon ciwon baya. Amma hanyar da suke bi su kashe zafin ita ce dai take raunana rigar da ke kare tumbi, take kuma rage jinin da ke zuwa ƙoda. Shan biyu ko uku a lokaci guda ba ya ninka sauƙi, illar ce ke ninkuwa. Ƙa'idarsu ita ce guda ɗaya tak, mafi ƙarancin awon da zai yi aiki, na 'yan kwanaki, kuma bayan an ci abinci. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai hawan jini ko ciwon zuciya, mai asma, tsoho, da mace mai ciki musamman a watannin ƙarshe, duk sai an yi tambaya kafin a ba su. Ku duba ɗan dakon da ya sha haɗi da asuba ciki babu komai, ya wuni yana zufa a rana bai sha ruwan kirki ba. Ƙodarsa ce ke biyan bashin. Wanda ya taɓa raka ɗan'uwa wankin ƙoda ya san kuɗin mako guda ya fi ƙarfin yawancin gidajenmu.

Deksa da ake jefawa cikin haɗi yana sa mutum ya ji garau, ya ci abinci, har kumatu su ciko a ce ya murmure. In aka daɗe ana sha yana tayar da suga da hawan jini, yana raunana garkuwar jiki, yana kuma sa ƙashi ya yi laushi, wato shi kansa bayan da ake son gyarawa. Wanda ya daɗe a kansa ma ba a so ya yanke rana ɗaya, sai a hankali bisa shawarar likita. Farasitamol ya fi sauƙi ga ciki, amma wani babban gwaji da aka yi a Ostireliya aka buga a 2014 ya nuna shi kaɗai bai sa masu sabon ciwon baya sun warke da wuri ba. In za a sha, babba ba ya wuce ƙwaya 8 masu awo 500 a wuni da kwana, kuma a lura yana ɓoye cikin magungunan mura da yawa. Allura kuma, wadda wasunmu ke ganin in ba a yi ta ba ba a yi magani ba, maganin nan ne dai na ƙwaya aka narkar. Haɗarinsa ga ciki da ƙoda yana nan, an ƙara da haɗarin ƙurji da taɓa jijiya in hannun bai ƙware ba.

Sai tiramol. Ba sai an yi wa mutanen Sabo dogon bayani ba, mun ga yaran da ya cinye. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne da yawansu ba don maye suka fara ba. Ƙugu ne ya riƙe, ga aiki, wani abokin sana'a ya miƙo ja ko kore ya ce sha ka ga aiki. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi a 2018 ya gano kimanin mutum miliyan 4.6 a Nijeriya suna shan irin waɗannan magungunan kashe zafi ba bisa ƙa'ida ba. A shekarar ce kuma gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin da haɗa shi. Awon tiramol da NAFDAC ta amince da shi 50 ne da 100. Mai 200 da 225 da ke yawo a tasha ba ta halastacciyar hanya ya shigo ba, kuma yawansa na jawo farfaɗiya, yana iya tsayar da numfashi. Abin takaicin, wani gwajin da aka buga a 2023 ya nuna magungunan wannan dangi ba su fi ƙwayar da babu magani a cikinta ba wajen sabon ciwon baya bayan mako 6. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disambar 2023 kan ciwon baya mai daɗewa ita ma ta ce a guje su. Don haka masanin maganin da ya ce maka "sai da takardar likita" ba wulaƙanci ya yi maka ba.

Kashi na uku shi ne wanda ba ya kawo wa shago riba, kuma shi ya fi amfani. Da kawu ya warke ya koma yi wa matar nan godiya, da ɗan ƙullin goro, bayan kuwa yana nan yana damunsa. Abin da ta gaya masa ya ba shi mamaki. Ta ce kada ya kwanta. Kwanciyar kwana da kwanaki tana sa naman baya ya ƙage ya raunana. A rage nauyin aiki, amma a ci gaba da motsi da tafiya. Ta ce ya riƙa gasa wurin da tawul da ruwan ɗumi safe da yamma, ya shafa man zafi in yana jin daɗinsa. In zai ɗauki kaya ya matso da shi jikinsa, kada ya murɗa ƙugu da kaya a ka, buhun da ya fi ƙarfin mutum ɗaya a kama masa. Ta nuna masa motsa jiki guda uku da zai yi a kan tabarma bayan sallar asuba. Da ya tambayi bel ɗin ɗaure ƙugu da ya gani a rataye a shagonta, ta ce kada ya ɓata kuɗinsa, ba a samu shaidar yana warkarwa ba. Ta ƙara da cewa in mako 6 ya wuce babu sauƙi, akwai likitocin fisiyo, masu gashin ƙashi, a UCH da sauran manyan asibitoci, aikinsu ke nan. Yanzu kawu baro yake turawa, ya bar ɗauka a ka. Samu ya ɗan ragu, amma yana fita kullum.

Akwai kuma abin da muke zuwa da shi daga gida. A wurin da yawanmu ciwon ƙugu basir ne, ko sanyi, ko zaƙi ya yi yawa. Don haka kafin a zo shago an riga an sha jiƙo, an je wurin wanzami an yi ƙaho, wasu matasan ma sun leƙa wurin masu opa eyin a tasha, wanda sau da yawa da barasa ake jiƙa shi, ko mai saye ya sani ko bai sani ba. Masanin magani mai hankali ba ya yi wa mutum dariya a kan wannan, domin in ya yi, gobe ba za a gaya masa gaskiya ba. Tambaya yake yi: me ka sha, yaushe, nawa? Yana buƙatar sani ne saboda jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, in ya haɗu da diklofenak, ƙoda ɗaya suke taruwa a kai. Mai yin ƙaho kuma a tabbatar aska sabuwa ce, saboda ciwon hanta da sauran cututtukan da ke bin jini. Mu kuma namu shi ne mu faɗi duk abin da muka sha, ko da kunya. Wanda ya ɓoye ciwonsa, ai ya ɓoye maganinsa.

Matsalar da ta fi damunmu ita ce ta mata. Yawancin matanmu ba su ke zuwa shago ba, yaro ake aika da kuɗi a hannu: "Wai in ji Umma a ba ta na ciwon baya." Yaro bai san ko Umma na da ciki ba, bai san tana shan maganin hawan jini ba. Matar wani yayanmu ta yi wata uku a haka. Da yaron ya je famasin nan karo na uku cikin mako biyu, matar ta ƙi ba shi, ta rubuta lambarta a takarda ta ce a ce Umma ta kira. A waya ta ji cewa zazzaɓi na zuwa kowace yamma, zufa na jiƙa zane da dare, kaya duk sun yi mata yawa. Ta nemi a ba ta maigidan, ta ce, "Alhaji, wannan ba na shago ba ne, a kai ta a duba ƙashin bayanta." Tarin fuka ne ya kama ƙashin baya. Mutane da yawa ba su san yana kama ƙashi ba tare da tari ba, kuma in aka bar shi yana iya karya gadon baya ya kashe ƙafafu. Maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, sai dai yana ɗaukar watanni masu yawa. Ta sha, ta miƙe. Zuwa da kai ya fi aike. In ba hali, ko waya ce a haɗa mai ciwo da mai magani su yi magana baki da baki.

Azumi ma yana da nasa. Da yawa sukan haɗiye na safe da na rana gaba ɗaya a sahur, wai don ya riƙe su har magariba, sannan su wuni ba ruwa a jiki. Wannan lokaci ne da ya kamata a tambaya: wanne ake sha sau ɗaya ko biyu a rana, a sa shi bayan buɗa-baki in ciki ya ɗauka, wanne kuma shafawa ake yi. Masanin magani ya san amsar, ko shi ba Musulmi ba ne, in dai an gaya masa ana azumi.

Ba muna cewa duk famasi haka yake ba. Shi ma kasuwanci ne, akwai haya, akwai kuɗin wuta. Akwai inda lasisi ke rataye a bango amma mai lasisin ba a ganinsa, sai yaran shago da ba su fi mai ƙaramin kemis sani ba. Akwai inda za a tura maka magungunan ƙarin jini da na "ƙarfin jijiya" masu tsada waɗanda bayanka bai nema ba. Akwai kuma tsadar da ke sa talaka ya tsaya daga ƙofa ya juya. Amma mai saye yana da haƙƙi. Ka ce kana son ganin masanin maganin da kansa. Ka nemi a ba ka magani a cikin fallensa, mai suna da lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Ka tambaya ko akwai irinsa mai rahusa, domin sau da yawa sunan kamfani ake biya. Fallen magani guda ɗaya da aka san sunansa yakan zo daidai da kuɗin ƙulli biyu ko uku na haɗi.

Ga 'yan'uwanmu masu ƙananan kemis a cikin unguwa, roƙonmu kaɗan ne. Mun san in kun ƙi haɗawa, mutum zai wuce shago na gaba. To ku haɗa kai a ƙungiyarku ku daina tare. Ku riƙe tambayoyi biyar: tun yaushe, ina yake sauka, akwai zazzaɓi ko rama, fitsari da bayan gida lafiya, me ake sha yanzu. Ku san famasi da asibitin da za ku tura mutum, ku rubuta masa a takarda. Wanda kuka tura ya warke, ku zai dawo wa har da iyalinsa.

Ga shugabannin unguwa, da sarakunan kasuwa, da limamanmu, abu ne mai yiwuwa a gayyato masanin magani da likitan fisiyo su zauna da 'yan dako da 'yan acaba ko sau biyu a shekara, a sami mai fassara, a auna jini, a buɗe ƙullin haɗi a gaban kowa a faɗi abin da ke ciki. A yi wa mata nasu zaman a Islamiyya. Ga iyaye kuma, Jami'ar Ibadan da ke nan kusa da mu tana da tsangayar koyar da haɗa magunguna, haka Zariya da Kano. Cikin yaranmu da ke gama sakandare kowace shekara, a samu ko biyu, mace da namiji, a tsaya musu su karanta wannan fanni su dawo su buɗe shago a Sabo, inda tsohuwa za ta zayyana ciwonta da harshenta ba tare da ɗan aike ba.

Kafin wannan lokaci, in ƙugu ya riƙe, a je da kai, a ɗauki ledar abin da ake sha a tafi da ita, a kuma yi haƙuri da tambaya. Wanda ya tsare ka da tambaya kafin ya karɓi kuɗinka, shi ne ya damu da kai. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti, Ya sa albarka a neman da muka fito yi.